RUMBUN DA BA YA JUYI: LABARIN MA'AJIYAR SSD TA MANYAN OFISOSHI

Ko wane akawu da ya daɗe a bakin aiki ya san baƙin cikin ɓacewar fayil. Mutum ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati, ranar sallama a nemi takardar da aka ɗauke shi aiki da ita a rasa, ko kuwa a samo ta gara ta ci rabi. Malaman makaranta ma sun san irin wannan, sa'ad da tsohon almajirinsu ya dawo neman sakamakon jarrabawarsa a tarar rufin sito ya yi yoyo a kan rijista. A zamanin En'e abokan gaban takarda uku ne, gara da gobara da ruwan sama, kuma ko wane ma'aji ya san maganinsu. Yanzu kuwa lissafin albashi, da ajiyar banki, da sunayen 'yan ƙasa sun koma cikin na'ura. Hukumar ba da lambar shaidar ɗan ƙasa ta Nijeriya kaɗai ta rubuta mutane fiye da miliyan 100. To, ina a ke ajiye wannan duka, kuma mene ne garar wannan sabon rumbu? Abin da mu ke so mu bayyana wa masu karatunmu ke nan yau.

Bari mu fara da ma'auni, domin ba a cinikin hatsi sai an san mudu. Wurin da harafi ɗaya ya ke ci a cikin kwamfuta shi a ke kira bait. Haruffanmu masu lanƙwasa, watau ƙ da ɓ da ɗ, ko wanne yakan ci bait biyu, amma wannan a bar shi. Bait miliyan shi ne megabait, megabait dubu shi ne gigabait, gigabait dubu kuma shi ne terabait. Wanda ya riƙe waɗannan uku ya isa ya bi mu har ƙarshe.

DAGA FAIFAI ZUWA SILIKON

A cikin 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da ma'ajiyar farko mai faifai, wadda ta zo tare da na'urar da a ke kira RAMAC. Faifai 50 ne a jere bisa sanda guda, faɗin ko wanne inci 24, nauyin abin duka ya kai wajen tan ɗaya, abin da ya ke ɗauka kuwa kimanin haruffa miliyan 5 ne. Yadda ta ke aiki bai yi nisa da garmaho ba: faifai yana juyi, wani hannu yana kai da kawowa a kansa yana rubutu da karatu da ƙarfin maganaɗisu. Har gobe a kan wannan dabara a ke ƙera faifan kwamfuta, sai dai an ƙanƙanta shi, an kuma ƙara masa gudu har yana juyi sau 7,200 a minti guda. Amma duk gudunsa, tilas hannun ya tashi ya je wurin da rubutun ya ke, ya jira faifai ya kewayo da shi, kamar masinjan da aka aika sito ya ɗauko fayil. In mutum ɗaya ke nema ba a jin jinkirin. In mutum dubu goma suka nema a lokaci ɗaya, masinja ya shiga uku.

Wanda ya buɗe wata hanya dabam shi ne wani injiniya Bajapane, Fujio Masuoka, ma'aikacin kamfanin Toshiba. A 1984 ya bayyana wa taron masana wata irin ma'ajiya da aka yi da silikon, wadda ba ta da faifai, ba ta da hannu, ba abin da ke motsi a cikinta, kuma ba ta mance abin da aka rubuta mata ko an kashe wuta. A 1987 ya fito da iri na biyu wanda a ke kira NAND, shi ne uban dukan abin da mu ke magana a kai. Daga baya Masuoka ya kai kamfanin ƙara a kan ba a saka masa daidai da wahalarsa ba, aka sasanta a 2006 bisa yen miliyan 87. Mu dai a ganinmu, in aka dubi dukiyar da wannan ƙirƙira ta jawo wa duniya, kuɗin goro aka ba shi.

In aka tara ƙwayoyin NAND da yawa a cikin akwati ɗaya, aka sa musu mai kula da su, shi ne a ke kira SSD. A 1991 kamfanin da aka sani daga baya da sunan SanDisk ya sayar da irinsa mai ɗaukar megabait 20 a kan dala 1,000 ko kusa da haka. Yau hoto biyar ko shida na wayar hannu sun isa su cika shi.

Dubi kuma inda aka kai. A 2016 Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da mai terabait 15.36, a 2018 ya ninka shi zuwa 30.72. Kamfanin Solidigm, wanda asalinsa sashen ma'ajiya ne na Intel kafin SK hynix ya saye shi, ya fito da mai 61.44 a 2023, sa'an nan a ƙarshen 2024 ya sanar da mai 122.88. A 2025 Kioxia, watau tsohon sashen ma'ajiya na Toshiba da ya sake suna a 2019, ya sanar da mai terabait 245.76. Waɗannan ba don jakar ɗalibi aka yi su ba. An yi su ne don manyan kwamfutocin nan da a ke kira uwar garke, waɗanda ke zaune a cibiyoyin adana bayanai suna yi wa dubban mutane hidima dare da rana, da kuma kwamfutocin masu zanen gini, da masu haɗa fim, da masu binciken ilmi.

Domin malaman lissafi su sami abin ba yara, ga wani misali da muka auna da kanmu. A ce shafi ɗaya na takardar ofis yana ɗauke da haruffa 2,000. Ma'ajiya mai terabait 122.88 za ta ɗauki shafi miliyan dubu 61 da ɗoriya. Ƙunshin takarda mai falle 500 kaurinsa wajen santimita 5 ne. In aka ɗora waɗannan takardu bisa juna aka kwantar da su, tsawonsu zai wuce kilomita 6,000, watau tafiyar Kano zuwa Legas kamar sau shida. Akwatin da ya haɗiye wannan duka kuwa bai fi tafin hannu ba, tsawonsa santimita 10, faɗinsa 7, kaurinsa ɗaya da rabi. Akwai kuma wani siriri dogo da a kan zura cikin uwar garke, wanda masu sana'ar su ke kamanta shi da rular makaranta. Sai dai a lura, lissafin nan na tsurar rubutu ne. Hoto da fim da murya sun fi haka cin wuri nesa ba kusa ba, su ne ma su ke cika rumbunan.

YADDA AKA YI YA ƊAUKI WANNAN KAYA

Dabara biyu ce. Ta farko gini ne. Da can a kan shimfiɗa ɗakunan ajiya a kan silikon kamar gidajen ƙauye, ko wanne a ƙasa, kullum ana ƙara matse su. Da matsi ya kai inda maƙwabta suka fara damun juna, sai aka koma gina bene. Samsung ya fara sayar da mai hawa 24 a 2013. A 2024 SK hynix ya sanar da ya fara ƙera mai hawa 321.

Dabara ta biyu ita ce ya kamata mai saye ya fahimta sosai, gama a nan ne riba da hasara su ke. Ko wane ɗakin ajiya a ɗauke shi kamar ɗan tulu, abin da a ke zuba masa kuwa ƙwayoyin lantarki ne maimakon ruwa. A irin na farko tambaya ɗaya ce a ke yi wa tulu: cike ka ke ko wofi? Wannan ko makaho ya ɗaga ya sani. Sai masu ƙira suka ce, me zai hana a yi wa tulu zane-zane a ciki, a riƙa duba inda ruwa ya tsaya? Aka yi mai matsayi 4, aka yi mai 8 wanda a ke kira TLC, aka yi mai 16 wanda a ke kira QLC. Tulu mai matsayi 16 yana ɗaukar ninki huɗu na labarin da tulun farko ke ɗauka, ba tare da an ƙara masa girma ba. Manyan nan masu terabait 61 da 122 da 245 duk QLC ne.

Amma fa tulun nan yana tsatsafo. In matsayi biyu ne kawai, ko ruwa ya ragu kaɗan ba a ruɗewa. In kuwa 16 ne, ɗigo kaɗan ya isa ya mai da matsayi na tara ya zama na takwas, harafi ya rikiɗe ya zama wani. Bugu da ƙari, duk sa'ad da aka zubar da ruwa aka sake cikawa, bangon tulun yakan ɗan lalace. Irin na farko yakan jure shafewa da sake rubutu har wajen sau 100,000, TLC wajen sau 3,000, QLC kuwa wajen sau 1,000. Watau abin da aka samu a yalwa an biya shi da ƙarko.

Akwai kuma wani hali na NAND da almajiri zai fi kowa gane shi. Allo ne: ana rubutu layi layi, amma ba a kankare harafi ɗaya a sa wani a gurbinsa, sai an wanke fuskar allon duka. Saboda haka in akawu ya gyara lamba ɗaya a cikin lissafin albashi, na'urar ba ta taɓa tsohon wurin. Sai ta rubuta sabuwar lambar a wani fili, ta yi wa tsohuwar alamar cewa ta mutu, ta bari sai ta sami sarari ta kwashe rubutun da ke da sauran amfani zuwa wani allo, sa'an nan ta wanke wancan.

Mai yin wannan hidima wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce a cikin akwatin, wadda za mu kira ma'aji, domin aikinta ke nan. Ita ke riƙe da littafin da ya nuna inda kome ya ke. Ita ke raba aiki daidai a kan alluna don kada waɗansu su tsufa su bar waɗansu. Ita ke gyara harafin da ya rikiɗe ta hanyar lissafi, ita ke kuma sallamar ɗakin da ya gaji ta ɗauko sabo daga cikin na ajiya. Wannan ajiyar ita ce dalilin baƙin lambobin nan irin su 3.84 da 15.36. Kamfani yakan ɓoye wani kashi na ɗakunan bai lissafa wa mai saye ba. Ma'ajiyar da aka sayar a kan terabait 3.84 don aikin da karatu ya fi yawa, ita ce a kan sayar a kan 3.2 don aikin da rubutu ya fi yawa, bambancin kawai an ƙara ɓoye ɗakuna don ta daɗe.

BAMBANCINSA DA NA KASUWA

Wani zai ce, ai ni ma akwai SSD a kwamfutata, me ya raba shi da na uwar garke har kuɗinsu ya yi nisa haka? Abu na farko ya shafe mu ƙwarai a ƙasar nan, shi ne ɗaukewar wuta. Ma'aji yakan riƙe sabon rubutu da littafin lissafinsa a wani wurin wucin gadi mai sauri wanda ke mantuwa da zarar wuta ta yanke. Na manyan ofisoshi an sa masa waɗansu 'yan ma'adanan lantarki da a ke kira kafasita, masu riƙe wutar da ba ta kai ta ƙiftawar ido ba, amma ta isa ma'aji ya kwashe abin da ke hannunsa ya zuba a rumbu kafin duhu. Na kasuwa galibi ba shi da wannan. In wuta ta yanke masa a tsakiyar rubutu, abin da aka ce an ajiye yana iya zama ba a ajiye ba, wani lokaci ma littafin ma'ajin ne ya kan rikice. Ofishin da ya sa na kasuwa a uwar garkensa don rangwamen kuɗi, alhali yana canjawa daga wutar gari zuwa janareta sau uku a yini, ya san abin da ya saya.

Na biyu alkawarin ƙarko ne. A takardar ko wane SSD na manyan ofisoshi a kan rubuta sau nawa a ke iya cika shi da rubutu ko wace rana har shekara 5. Wanda aka rubuta masa sau ɗaya, ana nufin zai jure cikawa sau 1,825, in kuwa mai terabait 30.72 ne, jimlar ta kai terabait 56,000 da 'yan kai. Na aiki mai nauyi a kan ba su sau uku. Manyan QLC kuwa galibi ba su kai sau ɗaya ba, kuma ba aibu ba ne, gama an yi su ne don kayan da a kan rubuta sau ɗaya a karanta sau dubu, kamar hotunan takardu da fina-finai. Aibun yana wurin wanda ya sa jakin dawa aikin doki.

Sauri kuwa ba sai mun tsawaita ba. Faifai mai juyi yakan biya buƙata ɗari ko ɗari biyu a sakan guda in a warwatse su ke, SSD na zamani mai bin ƙa'idar NVMe, wadda aka kafa a 2011, yakan biya fiye da miliyan. Wuta ma, babba ɗaya galibi ba ya wuce wat 25. Wannan ne ya sa kamfanonin da ke horar da ƙirƙirarriyar basira su ke wawasonsu, har farashin NAND ya tashi ƙwarai a ƙarshen 2025. Duk da haka faifai bai mutu ba. Kuɗin terabait ɗaya a faifai ya fi araha ninki da yawa, kuma mafi yawan abin da manyan cibiyoyin duniya su ke ajiye da shi har yanzu a faifai ya ke.

INDA GARA TA KE

Yanzu mun zo ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Mutane da yawa, har da waɗansu shugabannin ofisoshi, suna zaton tun da SSD ba ya motsi, to, ba ya mutuwa, sai a kwafe takardu a kai a jefa a kabad a kulle shekara goma. Wannan kuskure ne babba. Mun ce tulu yana tsatsafo, zafi kuwa yana ƙara masa. Ƙungiyar JEDEC, mai tsara ƙa'idodin irin waɗannan kaya, abin da ta wajabta shi ne, SSD na manyan ofisoshi wanda ya cinye adadin rubutun da aka yi masa alkawari ya riƙe abin da ke cikinsa wata 3 in an cire shi daga wuta a zafin digiri 40. Na kasuwa an wajabta masa shekara ɗaya a digiri 30. Gaskiya ne sabo yakan daɗe fiye da haka da nisa. Amma duk wanda ya taɓa shiga sito mai rufin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san digiri 40 ba labarin wata ƙasa ba ne. SSD dabba ce da ke son a bar ta a kan wuta, ma'ajinta yana zagayawa yana sabunta rubutun da ya fara kodewa. Don ajiyar shekaru masu yawa, manyan cibiyoyi tef su ke amfani da shi, irin wanda a ke kira LTO, mai ɗaukar terabait 18 a zubinsa na tara.

Gara ta biyu ita ce ma'ajin kansa. A watan Nuwamba 2019 kamfanin Hewlett Packard Enterprise ya gargaɗi masu cinikinsa cewa waɗansu SSD da ya sayar za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 a kan wuta, watau shekara 3 da kwana 270 da awa 8, kuma abin da ke ciki ba zai dawo ba, sai fa in an sabunta manhajar cikinsu kafin lokacin. Ɗakunan ajiyar lafiyarsu lau. Kuskuren yana cikin manhajar, kuma masu lissafi za su lura 32,768 shi ne biyu a ninka sau 15, iyakar da irin wannan ma'aunin ƙidaya ke cika. Abin tsoro a nan shi ne, ofis yakan sayi goma ko ashirin rana ɗaya ya kunna su tare, yana taƙama in ɗaya ta mutu sauran za su rufa mata. Ga shi kuwa duk sa'a ɗaya aka yanka musu. A 2020 aka sake samun irin wannan a waɗansu, su kuma a awa 40,000.

Ko ba wannan ba, mutuwar SSD ba irin ta faifai ba ce. Faifai yakan yi ƙara, ya yi ciwo, a sami damar kwashe kaya, kuma gwanaye kan iya buɗe shi su ceto wani abu. SSD sau da yawa shiru ya ke yi, jiya lafiya yau babu. Wani bincike da masana na Jami'ar Toronto suka yi tare da Google, aka bayyana shi a 2016 bayan duba aikin shekara 6, ya nuna ba a sauya SSD da yawa kamar faifai, amma ya fi faifai yawan kuskuren da ba ya gyaruwa, kuma shekarunsa sun fi yawan rubutun da aka yi masa nuna lokacin da zai fara ba da wahala.

Girman ma kansa yana da nasa nauyi. In mai terabait 122.88 ya mutu aka kawo sabo, a ce ana zuba masa gigabait 3 ko wane sakan ba tsayawa, sai an yi awa 11 da 'yan mintoci kafin ya cika, a cikin aiki na gaske kuwa ya fi haka, tun da uwar garke tana hidimar jama'a a lokacin. Duk tsawon wannan lokaci ofis yana tsaye ne da ƙafa ɗaya. Don haka ne masu wannan sana'a su ke da ƙa'idar da ba su sake ta: kwafi uku na ko wane abu, a kan irin ma'ajiya biyu dabam dabam, ɗaya kuma a wani gini nesa. Tsofaffin akawuna ba za su ga baƙon abu a nan ba, su da suka saba sa takardar kabon su buga uku, ɗaya a fayil, ɗaya ga hakimi, ɗaya a aika lardi. Takardun da aka tara ta irin wannan hanya su ne masu bincike ke karantawa yau a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, waɗansu sun haura shekara ɗari.

Saura gargaɗi ɗaya ga wanda aka ba aikin sayo kaya. Akwai 'yan damfara da ke tallan ƙananan akwatuna a intanet da kasuwanni, an rubuta musu terabait 16 ko 30, a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. In aka fasa sai a tarar da ɗan katin waya a ciki, an yi masa dabara yana faɗa wa kwamfuta ƙarya game da girmansa, yana karɓar kaya yana shafe na baya ba tare da ya ce uffan ba. Akwai kuma masu sayar da na gaske amma tsofaffi da aka ciro daga cibiyoyin ƙasashen waje. Waɗannan ba laifi ba ne a saya in an san abin da a ke saye, domin ko wane SSD yana riƙe da lissafin awoyin da ya yi a kan wuta, da yawan abin da aka rubuta masa, da kashi nawa na ƙarfinsa ya ƙare. Kafin akawu ya sa hannu a takardar karɓar kaya, sai ya sa mai kula da na'urorin ofis ya buɗe wannan lissafi a gabansa, ya kwafe lambobin uku tare da lambar jikin ma'ajiyar da kwanan wata a cikin rijistar sito.